Rigar Uba Tana Adaka, Ɗa Yana Neman Samfur a Waya

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela sa'ad da Salla ta ƙarato ya san yadda ɗinkin samarinmu yake farawa a zamanin nan. Saurayi zai shigo da yadi a hammata, ya zaro waya, ya nuna hoton wani ɗan wasan fim ko wani ɗan majalisa, ya ce irin wannan yake so, kada a rage kome. 'Yan mata ma haka suke yi da hotunan amare. Mu ba mu ga laifin wannan ba, ba kuwa za mu bi sahun masu cewa kwaikwayo ne ya ɓata tufafin Bahaushe ba. Abin da ya dame mu shi ne wanda ake tsallakewa a tafi kwaikwayon wani.

Tun fil azal Bahaushe mai aro ne wajen sutura. Hula zanna bukar daga Barno ta zo mana, jar dara da alkyabba ta Sahara suka ƙetaro daga ƙasashen Larabawa, jallabiya kuwa alhazai suka yaɗa ta. Sarakuna da attajirai sun daɗe suna alfahari da rigunan Nupe. Ita kanta atamfa 'yar Holan da iyayenmu mata ke ji da ita, Turawan Holan kwaikwayonta suka yi daga rinin mutanen Jawa ta ƙasar Indunusiya. Saboda haka wanda ya ce a daina aro, bai san tarihin hular da ke kansa ba.

Amma fa da muna ara, ana kuma ara daga gare mu. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba, watau masu shuni da rini. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a birnin da garuruwan ƙasarta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa a ka. Mu da muka fito daga Rurum Tsohon Gari da sauran garuruwan Rano da Kibiya, a cikin wannan ƙasa ta auduga da baba aka haifi kakanninmu, kuma ragowar abin da hannunsu ya yi yana nan a gidajenmu, a ninke a ƙasan adaka.

Ku tsaya ku duba abin da ke cikin babbar riga ɗaya ta saƙi ko ta tsamiya irin ta dattawan da. Mace ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa zaren da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye 'yan sirara, marini ya tsoma su a karofi, maɗinki ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Sa'an nan wani ya zana aska biyu ko aska takwas a gaban aljihu da tambari a baya, wani kuma ya zauna wata da watanni yana cike zanen da hannu. In kore ce, sai ta je hannun mabuga su buge ta da shuni har ta riƙa ƙyalli. Yadin masaƙu na zamani, tun daga babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, ya rage wa waɗannan mutane ciniki. Ita ma masaƙar ta tsaya a 2002, aka bar mu da shaddar Turai da yadin Sin. Yau in ka nemi wanda zai yi maka irin wannan riga tun daga kaɗi har bugu, sai ka sha yawo.

To, me ke faruwa da rigar in mai ita ya riga mu gidan gaskiya? An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an zo rabon gado. Gona da gida da dabbobi su ake kai ruwa rana a kansu. Tufafi kuwa a ƙarshe ake ɗaure su a tsumma, a miƙa wa dillali ya sayar a bakin abin da ya samu, ko a mayar adaka asu ya cinye. Ɗan da ya yi boko ya koma birni, in Salla ta zo ya buɗe waya yana neman samfur.

Hanzarin da ake kawowa iri biyu ne. Wasu suna tsoron sa kayan mamaci, wai ba kyau. Wannan camfi ne, addini bai hana ba. Abin mamaki, su ɗin nan ne ke tafiya Kasuwar Ƙofar Wambai su zaɓi rigar sanyi ta gwanjo, ba su san wanda ya fara sa ta ba, ba su san ko yana raye ba. Mutanen Gana sun fi mu faɗin gaskiya, don sunan da suke kiran gwanjo da shi ma'anarsa Bature ya mutu. Wasu kuma cewa suke yi babbar riga ƙauyanci ce, tana da nauyi, ba ta shiga ofis. Gaskiya ne ba ta dace da hawan babur kullum ba. Amma ranar Juma'a fa? Ɗaurin aure fa, da suna, da ranar karɓar digiri?

Malam Aminu Kano ya rasu a 1983. Har yanzu ana tunawa da fararen kayansa marasa ado da jar hularsa, kuma dubban masu sa jar hula a Kano yau suna cewa daga gare shi suka ɗauko. Akwai hular da ake kira da sunan Shagari tun zamanin mulkinsa, daga 1979 zuwa 1983. Ashe mun san ana tuna mutum da suturarsa, sai dai mun keɓe wannan girma ga shugabanni, mun hana wanda ya noma dawar da muka ci muka yi karatu.

Mu da muka rasa mahaifi mun san abin da ke cikin wannan. Kamannin fuska suna dusashewa a zuci da shekaru, amma riga tana riƙe da mutum: inda hannunta ya lanƙwashe saboda yawan saɓawa a kafaɗa, tabon goro a bakin aljihu, ƙanshin turaren da bai gama fita ba. Abin da ya fi wannan shi ne, in ka sa ta ka shiga masallacin Juma'a a garinku, dattijon da bai gane fuskarka ba zai gane rigar. Zai kama hannunka ya ce, "Yaro, kai ɗan Malam wane ne? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Addu'a ce mamacin ya samu, da ba don rigar ba da wataƙila ba a yi ta a ranar ba. Ga shi kuma ka san abokin mahaifinka, wanda addini ya ce a girmama shi bayan rasuwar uba.

Sai dai a yi hattara, kada son tunawa ya ja mutum ga cin haram. Tufafin mamaci suna cikin dukiyar gado, matansa da 'ya'yansa mata suna da rabo a ciki, kuma babban ɗa ba shi da ikon ɗauke rigar don kawai shi ne babba. Hanya a buɗe take: a yi wa rigar kuɗi a gaban mai rabo, wanda yake so ya karɓa a cire daga rabonsa. In magada manya ne duka suka yarda su bar masa, madalla. In akwai ƙananan marayu, ba wanda zai yi kyauta da haƙƙinsu.

'Yan'uwanmu mata ma maganar ta shafe su, don zannuwan saƙi da gwado da iyaye mata suka bari sun fi rigunan maza saurin salwanta, ana yanka su a yi shimfiɗar yara.

In kuwa rigar ta tsufa ba ta sawuwa, ko magada sun yi yawa, to ita ce samfurin da ya kamata a kai wa tela. A shimfiɗa masa ita, ya auna wuyan, ya kwafi zanen aljihun a takarda, kowane ɗa ya ɗinka tasa da yadin da ƙarfinsa ya kai, ko da a jikin kaftani ne. Mai son aikin hannu kada ya jira azumi ya kama, gama masu cike aska sun yi ƙaranci, kuma allura ba ta saurin keke.