A Kai Ruwan Bagaja Makarantun Adar

Zuwa ga Edita,

Littafin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933 a Zariya, ana yawan ɗaukarsa abin ban dariya kawai, alhali jigonsa, wato saƙon da labari ya ginu a kai, ya haɗa da zaman Alhaji Imam da Malam Zurƙe, waɗanda suka dinga cutar juna gari-gari, kowa yana gane iyakar wayonsa a hannun ɗan'uwansa, har gabar ta koma abota. Samarin Tebaram, da suka san cirani da abokin tafiya, za su fahimci wannan sarai. Ya kamata hukumomin ilimi na Tawa su kai littafin makarantun karkara.

Wani mai karatu,
Tebaram.