Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gyaran Ƙafar Fijo a Gida

A gidanmu da ke Jos Jarawa akwai wata mota ƙirar Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo, da ta shekara uku a ajiye a gindin mangwaro. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shi ya saye ta tun ba a haife ni ba. Abin da ya sa aka jingine ta kuwa shi ne, wata rana yayana yana gangarowa da ita daga Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga, sai ta faɗa rami, ta dinga tsalle kamar ɗan akuya, sitiyari ya nemi ƙwacewa daga hannunsa. Da ya dawo gida lafiya sai ya rataye makulli, ya ce shi da ita har abada. Bara da damina 'yan gwangwan suka zo suka taya ta da kuɗin da bai kai na tsohon babur ba, yayyena suka ce a sallama. Ni kaɗai na ce a dakata.

Na je na sami kawuna, tsohon bakanike da ya yi shekaru yana aiki a Farin Gada kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Ya zo ya zagaya motar, ya danna kowace kusurwa da hannu biyu ya saki, ya ga tana ta lilo ba ta tsaya ba. Sai ya ce: "Ɗana, injinta lafiya lau. Ƙafa ce ta mutu. Kai ka kawo hutunka, ni in kawo kayan aiki." Na ce, "Kawu, ni da ban taɓa riƙe sufana ba?" Ya ce, "Wa aka haifa da ita a hannu?"

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, gyaran ƙafar tsohuwar mota a gida, a gaban wanda ya san aikin, ilimi ne da ya dace ɗalibin jami'a ya nema, kuma saurin da muke yi wajen jefar da tsofaffin motoci asara ce.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne duk ƙarafan da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Akwai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi yana lanƙwasawa idan an taka rami. Akwai shakazoba, wadda mai ne a cikinta yake bi ta ƙananan ƙofofi, aikinta shi ne kashe tsallen sifirin don kada mota ta yi ta lilo. Akwai bushin, robobin da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Sai boljoyin da tayarod, waɗanda ke riƙe taya suna juya ta yadda sitiyari ya umarta. Idan shakazoba ta mutu, taya ba ta zama daram a kan kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki. Abin da ya sami yayana a Hawan Kibo ke nan.

Ita kuwa Fijo 504 da ƙafarta ta yi suna. A shekarar 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da ita, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake cin gasar da samfurinta mai ƙofa biyu. Wannan gasa kuwa a cikin laka da ƙura da duwatsu ake yin ta, inda ƙarfin ƙafa ya fi gudu amfani. A shekarar 1975 ɗin nan ce kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, aka yi wajen shekaru talatin ana fitar da 504 daga can. Ita ce motar gwamna, ita ce ta malamin makaranta, ita ce ta haya daga Jos zuwa Bauchi da Kano. Motar da ta yi wannan hidima ba ta cancanci a auna ta a sikeli kamar tsohuwar tukunya ba.

Mun fara aiki ne a hutun Disamba, lokacin da hunturun Jos ke sa yatsu su ƙage a jikin ƙarfe. Darasin farko da Kawu ya ba ni shi ne kada in kuskura in shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai da muka tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, muka datse tayoyin baya da duwatsu. Notikan da tsatsa ta cinye sai da muka jiƙa su da mai suka kwana. A gaba, shakazoba tana cikin sifirin ne, saboda haka dole a matse sifirin da maƙatai na musamman kafin a kwance notin sama. Kawu ya nuna mini tabo a goshinsa ya ce, "Wannan sifirin ne ya ba ni a shekarar da na yi gaggawa." Ban ƙara tambayar dalilin tafiyar hawainiyar da muke yi ba.

Kayan gyara a Dilimi muka samo su, Kawu yana jujjuya kowane bushin yana matsawa da farce kafin mu biya. Ya hana ni sayen shakazoba ɗaya, ya ce biyu-biyu ake sauya su, dama da hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa ɗingishi. Wani abin da ba zan manta ba shi ne, ba a ƙarasa ɗaure notikan bushin sai an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta murɗe da zarar an sauke, ta yage cikin 'yan watanni. Bayan mun gama kuma sai da muka kai ta wajen masu saita taya, domin wannan aikin na'ura ne, ba a yin sa da ido. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar da muka fita gwaji, Kawu ya sa na taka wani rami da gangan. Motar ta nutsa sau ɗaya, ta ɗago, ta zauna.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce tsohuwar mota ba ta da jakar iska da sauran kariyar zamani, ga shan mai. Gaskiya ne, kuma ban ce a mai da ita motar doguwar tafiya ta kullum ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, motar Beljiyam ma ta fi ƙarfin gidaje irin namu. Zaɓin da ke gabanmu shi ne Fijo mai lafiyayyar ƙafa ko kuma hawa babur da tsohuwa zuwa asibiti. Na biyu za su ce wanda bai iya ba zai kashe kansa ko ya kashe wasu. Wannan ma haka ne, shi ya sa na ce a gaban masani. Kallon bidiyo a waya ba zai gaya maka cewa boljoyin da ke hannunka jabu ne ba. Na uku za su ce ana toshe wa makanikai hanyar abinci. Ni dai abin da na gani, mai motar da ya san ƙafar motarsa ya fi saurin kai ta gareji kafin ta lalace, kuma ya fi sanin darajar aikin da aka yi masa.

Akwai kuma wata riba da ta shafe mu musamman, mu ɗaliban harshe. A aji an koya mana cewa Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma ba, don haka takan saƙa wasali a tsakaninsu idan ta yi aro. A ƙarƙashin mota na ji wannan doka tana aiki a bakin mutumin da bai taɓa jin sunanta ba: sifirin, sufana, sitiyari, birki, giris. Haka kuma sautin da babu shi a Hausa ya rikiɗa ya zama "f", shi ya sa Peugeot ta koma Fijo. Ga kuma yadda aka ari sassan jiki aka ba mota: tana da ƙafa, tana da hanci, tana da ciki, takan yi tari, takan mutu, a kuma tashe ta. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, kuma dukansu daga bakin mutane aka tattaro su. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga Farin Gada nan kusa da mu, ga Panteka a Kaduna, ga Ƙofar Ruwa a Kano. Tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi suna ta raguwa, motocin da ake kiran sassansu da su kuma ana ta narkar da su.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu daina ƙyamar baƙin mai. Wanda ke da tsohuwar mota a gida, kafin ya kira 'yan gwangwan, ya fara kiran dattijon da ya san ta, ya sa a duba masa ƙafa da birki da ƙasan mota ko tsatsa ta cinye shi. Idan ta mutu da gaske, a sallama. Idan kuwa ƙafa ce kawai, hutu ɗaya ya isa. Tamu dai yanzu ita ke kai Inna asibiti duk ƙarshen wata, kuma yayana da ya rataye makulli shi ne ya fi kowa yawan aronta.