Ba Kowace Ƙasa Ke Karɓar Kowane Icce Ba

Jama'a, damina na kamawa za a sake fito da dashen itatuwa, a raba bedi, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Kafin watan Maris rabin dashen ya bushe, sai a ce awaki ne. Awaki na da laifi, amma babban laifin namu ne, don muna dasa icce ba tare da duba inda muka sa shi ba.

Ku dubi dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, jihar Taraba. Yana kan gangaren da ya kai mita 1,400 zuwa sama, kuma itatuwan da ke can ba su ne na ƙasan tsaunin ba. Tsayin wuri na sauya sanyi da laima. Inda gangare ya fuskanta ma haka: iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa da ruwa, ta hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa da bushewa. Gefen da hunturu ke duka ba zai riƙe tsiro kamar gefen da ke fake ba.

Wani zai ce mu Kankia da Kusada ina ruwanmu da tsauni? Ai muna da tudu da kwari, da jigawa da fadama, da 'yan duwatsu. Tazarar 'yan mitoci ta isa ta raba su. Giginya da kanya da ɓaure suna son inda ruwa ke kusa. Aduwa da magarya da sabara da kalgo suna jure tudu. Hano kuwa a bakin dutse ya fi zama. Kowane tsohon manomi daga Rimaye zuwa Yashe ya san wannan, mu 'yan ofis ne ba mu tambayarsa.

Sannan ga darasin Maradi. Tun 1983 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsoffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Dalili kuwa a bayyane yake, saiwar ta riga ta yi zurfi, kuma iccen da ya tsiro da kansa ya riga ya dace da wurin.

Shawarata ga sashen gona na ƙananan hukumominmu biyu: kafin a sayi irin dashe ko ɗaya, a zagaya da masu unguwanni a tantance me ke fitowa a ina. A ware wani kaso na kuɗin don kare tohon da ke gonaki. Masu gawayi kuma a hana su taɓa itatuwan gangare, don nan ne ruwa ke fara cin ƙasa, ya kwashe ta ya cike mana fadamu da yashi.

Ku faɗa mana, wane icce ne ya ɓace a garinku? Allah Ya ba mu damina mai albarka.