Ana Rigimar Sunan Teku, Ruwan Kuwa Yana Shaƙewa

A Janairun 2025, ranar da Trump ya dawo mulki, ya sa hannu a takardar sauya sunan Tekun Mekziko zuwa Tekun Amurka. Kun dai ga cacar bakin da aka sha a X da TikTok, har Google Maps ya canza sunan ga mutanen Amurka. To, ko wane suna aka laƙaba masa, akwai wani yanki a bakin Kogin Misisipi, inda kogin ke shiga tekun, da kifi ke ƙaurace wa duk lokacin zafi. Abin da bai iya gudu ba, irin su tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo na ƙasan ruwa, nan yake mutuwa.

Masu wannan aiki ba a ganinsu da ido: ƙwayoyin bakteriya ne. Kada ku yi saurin tsine musu. Su ne 'yan sharar bakin kogi. Ruɓaɓɓen ganye, mushen kifi, ƙazantar gari, duk abin da kogi ya kwaso su ke cinye shi su mayar da shi sinadarin da wasu halittu za su sake amfana da shi. Sai dai yawancinsu da iskar oksijin suke wannan aiki, wadda kifi ma da ita yake numfashi.

Matsalar daga gona take farawa. Misisipi yana kwasar ruwa daga jihohi 31, ciki har da manyan gonakin masara da waken soya na Ayowa da Ilinoyi. Takin zamanin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi. Da ya isa teku sai gansakuka ta samu gagarumar walima, ta yi ta yaɗuwa, ta mutu, ta nutse. Nan bakteriya za su dirar mata, su zuƙe iskar ƙasan ruwan. Ga wani ƙarin tashin hankali: ruwan kogi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar murfin tukunya, iskar sama ba ta isa ƙasa. Da zarar oksijin ya gaza miligiram 2 a kowace lita, wurin ya zama kufai, har sai guguwa ko sanyin kaka sun dama ruwan.

Tun 1985 masana ke auna wannan yanki. A 2017 ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700, wato ya ɗara faɗin Jihar Kano gaba ɗayanta. A 2001 gwamnatin Amurka da jihohin da kogin ya ratsa sun ɗauki alkawarin rage shi zuwa ƙasa da 5,000 kafin 2015. Lokacin ya zo ya wuce, sai aka ɗage zuwa 2035. A 2024 an auna sama da 17,000.

Me ya hana? A ganina amsar siyasa ce. Dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972 tana kama masana'anta mai bututun ƙazanta, amma ruwan da ke gangarowa daga gona kusan ta bar shi ga ganin damar manomi. Manomin Ayowa yana da ƙuri'a da 'yan majalisa, ga kasuwar man itanol da ke ƙara masa ƙwarin gwiwar noman masara. Masuncin jatan lande na Luwiziyana, wanda ke ƙona mai yana nisa neman abin kamawa, shi ke biyan kuɗin takin da bai taɓa gani ba.

Za ku ce ina ruwanmu? Ai mu ne Ayowar Najeriya. Neja ya ratso Kebbi, Binuwai ya taho ta Adamawa, suka haɗu a Lokoja suka gangara Neja Delta, inda masunta ke fama da malalar ɗanyen mai tun tuni. Manominmu har yanzu kukan tsadar taki yake, bai kai ga zuba shi da yawa irin na Amurka ba, kuma ba wanda zai ce masa ya daina. Amma a 2022 an buɗe kamfanin takin Dangote a Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, kowane gwamna kuma tirelolin taki yake nunawa a Facebook. A ƙarƙashin irin waɗannan hotuna ya kamata ku riƙa tambayar malaman gona nawa aka ɗauka da za su nuna wa manomi yawan da zai zuba da lokacin zubawa, don kada ruwan farko ya kwashe masa rabin buhu zuwa kogi.