Kada A Sayar Da Tsohon Injin Fetur

Duk wanda ya san Birnin Kebbi da Argungu ya san gulbin Rima shi ne arzikin ƙasar, shi ne kuma ke yi mata ta'adi. A 2010 ruwa ya yi ɓarna tun daga Goronyo har ƙasar Kabi. A daminar 2020 kuwa ya shanye shinkafar fadama kafin a kai ga yanka. Irin wannan babu injin da zai tare shi. Amma akwai wata ɓarna wadda ake iya tarewa, watau ruwan sama da ke kwanciya cikin sito ko rumfar kasuwa da aka gina a kwari. Shinkafa in ta kwana biyu a jiƙe sai ta yi funfuna ko ta tsiro, takin zamani kuwa narkewa yake yi kamar gishiri.

To, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada ƙwarai, manoman rani da dama suka koma injin sola. Wannan dabara ce mai kyau, don rani ba ya rasa rana. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ɗauki tsohon injinsa na fetur ya kai kasuwa, wai ya gama aiki.

Bai gama ba. Ruwan da ke shiga sito yawanci da dare yake zuwa, ko cikin hadari, sa'ad da sola ba ta da ƙarfin kirki. Ɗan kasuwan da ya sayi injin lantarki irin wanda ake jefawa cikin ruwa shi ma kada ya saki jiki, gama iskar da ta kawo ruwan ita ce ke kayar da turakun wuta. In ya ƙara sayen na lantarki don ko-ta-kwana, ai ya ɗaure akuya biyu a turke ɗaya, ran da aka ɗauke wuta duka za su tsaya. Injin ko-ta-kwana lalle ne abincinsa ya bambanta da na farkon.

Mai inci 2 yana fid da wajen durom 3 a minti, mai inci 3 kuwa wajen durom 5. Ga sito ɗaya na farkon ya isa, ya kuma fi sauƙin ɗauka cikin duhu. Amma fa ruwan sito ba irin na rijiya ba ne, yana tafe da yashi da ƙaiƙayi da zaren buhu. Sai a ɗaura rariya a bakin tiyo, a kuma haƙa ɗan rami a kusurwar da ta fi gangare don ruwa ya taru wuri guda. Tiyon fitarwa a kai shi har magudana, ba ƙofar maƙwabci ba, don kada a fita daga ruwa a shiga gaban alƙali.

Injin da aka jingine tun ƙarshen rani ba safai yake tashi ran da ake nemansa ba. Fetur in ya daɗe cikin kafireto yakan toshe shi. Saboda haka tun farkon damina a canza baƙin mai, a duba fulogi, a riƙa tayar da shi kowane mako biyu, a kuma dura masa ruwa kafin a ja igiya, don in ya yi gudu a bushe yakan lalace. A ajiye galan guda na fetur nesa da murhu.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. Kada ruwan sama ya sa a shigar da injin cikin sito a rufe ƙofa. Iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kwantar da ƙato ba tare da ya sani ba. Injin ya tsaya waje bisa tudu, a yi masa rumfa da kwano, tiyo kaɗai ya shiga ciki.