Tsadar Insulin Ba Ƙaddara Ba Ce

Kai da kake jan allurar kwana goma har ta kai ka ashirin, da ke da kike ɓoye wa ɗanki cewa kwalbar ta kusa ƙarewa, an sha ce muku ku yi haƙuri, haka kasuwa take. Ni ban yarda ba, ku ma kada ku yarda.

A shekarar 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Kafin lokacin, yaron da ya kamu da ciwon sukari nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A 1923 Frederick Banting da abokan aikinsa, Charles Best da James Collip, suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu, domin kada kuɗi ya shiga tsakanin majiyyaci da ransa. Yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa rabin masu nau'i na biyu da ke buƙatar insulin ba sa samun sa.

Masu kare wannan tsari suna cewa bincike yana cin kuɗi. Haka ne. To amma a 2023, da jama'a da 'yan majalisar Amurka suka matsa lamba, kamfanonin nan uku sun sanar da rage farashin wasu nau'o'in insulin a can da kashi 70 ko fiye, kuma babu wanda ya durƙushe. Ashe farashin yana sauka, idan an samu masu tsayawa kai da fata.

Shugabanninmu ma suna da nasu kason laifin. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa cika shi ba. Giɓin da ta bari, daga aljihunku ake cike shi.

Saboda haka, kada ku rage allura a ɓoye. Ku gaya wa likita gaskiyar abin da aljihu zai ɗauka, ku tambaye shi ko akwai nau'i mai rahusa da zai dace da ku. Idan ƙishirwa da yawan fitsari suka tsananta, ga amai, ga numfashi sama-sama, a garzaya asibiti nan take. Ku yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, ku bincika ko insulin yana cikin abin da take biya. Ku haɗa kai da sauran masu ciwon, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mai neman ƙuri'a ya zo ƙofar gida, ku ɗauko masa rasidin kantin magani, ku tambaye shi me zai yi a kai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.