Ƙwan xenon a tsohuwar mota: kai kana gani, mu mun makance

Laifin ba na xenon ba ne. Tun 1991 BMW ta fara sa shi a 7 Series, kuma a Turai irin wannan fitila mai ƙarfi dole ta zo da na'urar da ke daidaita haskenta da kanta. Mu kuwa sai mutum ya sayo ƙwan a kasuwa, ya cusa shi a gidan fitilar da aka ƙera don halojin. Kamar ɗora manhajar iPhone a wayar Android ne: madubin ciki bai dace da ƙwan ba, sai hasken ya watsu sama, cikin idon mai tahowa. In direbobi na ta yi maka filashin da dare alhali ba ka kunna doguwar wuta ba, ba gaisuwa suke yi ba. Koma wurin mai wayarin ya mayar maka da ƙwanka na asali.